SHARHI: Tasha, tikiti da keken guragu: Inda ƙananan hukumomin Abuja suka bar tsofaffi da masu buƙata ta musamman

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Nyanya, Zuba ko Kubwa da sanyin safiya ya san yadda ake shiga mota a Babban Birnin Tarayya. Kafin mota ta gama tsayawa an rufe ƙofofinta da jama'a, mai ƙarfi ya kutsa, mai sauri ya zauna, huɗu a baya biyu a gaba. Dattijon da ke dogara sanda, makahon da yaro ke yi wa jagora da matar da ke kan keken guragu sai su koma gefe su jira turmutsutsun ya lafa. Idan an yi sa'a direba ya tsaya musu, ciniki ne zai biyo baya: ko a biya wa keken kuɗin kaya, ko kuma a ɗauki shatar motar baki ɗaya.

Wannan hali ya saɓa wa doka, kuma wa'adin da dokar ta ɗiba domin gyara ya cika tun watan Janairun 2024. An saba ɗora laifin a kan gwamnatin tarayya ko ministan Abuja, alhali akwai wani ofishi da ya fi kowa kusa da matsalar, wanda kuma ba a cika tuhumarsa ba, wato ƙaramar hukuma.

Abin da doka ta tanada

A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman ta 2018. Dokar ta wajabta wa hukumomin sufuri na gwamnati su samar da gangara da na'urorin ɗagawa a motocinsu da tashoshinsu da wuraren tsayawar bas, ta yadda mai keken guragu zai iya shiga. Ta ce motocin haya su riƙa sanar da inda suka dosa a rubuce da kuma da murya, domin kurame da makafi. Ta ba masu buƙata ta musamman fifiko a kan layi, ta kuma yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. An ba da shekara biyar domin a gyara gine-gine da ababen hawa. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta sa ido a kan aiwatar da dokar, sannan a 2021 Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki bisa dokarta ta 2017.

Raunin wannan tanadi shi ne an rubuta shi kamar gwamnati ce ke jigilar jama'a. A Abuja, kamar sauran biranen Nijeriya, akasarin mutane na hawa motocin 'yan kasuwa ne: tasi, ƙananan bas, Keke Napep da acaɓa. Mai waɗannan ababen hawa ba ya sanin hukumar da ke cikin birni, amma ya san mai yankar tikiti da ke tare shi kowace safiya. Duk ƙa'idar da ba ta biyo ta hannun wannan mai tikiti ba, da wuya ta kai ga fasinja.

Tasha ta wa ce?

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai bar wurin shakka ba. Daga cikin ayyukan da ya ba ƙaramar hukuma akwai kafawa da kulawa da tsara kasuwanni da tashoshin mota da bayan gida na jama'a, da gina tituna da magudanun ruwa da fitilun hanya, da samar da gidajen gajiyayyu da marasa ƙarfi. Ya kuma ba ta hannu a harkar lafiya da ilimin firamare. Dokar haraji ta 1998 ma ta jera kuɗin tasha cikin abubuwan da ƙaramar hukuma ke karɓa. Ke nan wurin da tsoho ke hawa mota, da titin unguwar da zai bi ya isa can, da asibitin sha-ka-tafi da ya nufa, duk suna ƙarƙashin inuwar shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa.

Sai dai a siyasar Nijeriya tasha rijiyar kuɗi ce kuma sansanin magoya baya. Ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW da RTEAN ne ke riƙe da ita a aikace, 'yan kamasho na karɓar kuɗi a hannu kowace rana, kuma ɗan siyasa ya san amfaninsu idan zaɓe ya matso. Shi ya sa gwamnoni ba su taɓa sakar wa ƙananan hukumomi wannan fage ba. A Oyo, Gwamna Seyi Makinde ya dakatar da NURTW a 2019, ya kafa tsarin kula da tashoshi na jiha a 2020. A Legas, gwamnatin jiha ta kafa kwamitin tashoshi a 2022 ta ɗora Musiliu Akinsanya, wanda aka fi sani da MC Oluomo, a kansa. A duk waɗannan taƙaddamomi abin da aka yi ta ja-in-ja a kai shi ne wanda zai karɓi kuɗin. Batun wanda ya kasa hawa motar bai shiga cikin muhawarar ba.

Yadda Abuja ta zo nan

Abuja na da ƙananan hukumomi shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, da mazaɓun kansila 62. Amma manyan shawarwarin sufuri daga ofishin minista suke fitowa, kuma kusan dukkansu an yanke su ne domin kyan tsakiyar birni. A 2006, zamanin Nasir El-Rufai, aka hana acaɓa shiga cikin gari, a zamaninsa ne kuma aka kawo dogayen bas na kamfanin AUMTCO. A 2013 aka kori ƙananan bas daga manyan hanyoyin birni, a 2019 kuma aka taƙaita zirga-zirgar Keke Napep. Kowane mataki yana da hujjarsa ta tsaro da tsari, amma dogayen bas ɗin da aka yi alƙawarin za su cike gurbin sun yi ta raguwa, har jama'a suka koma dogaro da motocin gida da ke ɗiban fasinja a bakin titi, da duk haɗarin 'yan fashin da ke cikin haka.

Wanda ya fi jin jiki a wannan sauyi shi ne wanda ba ya iya doguwar tafiya a ƙafa. Keke Napep da acaɓa, duk da aibinsu, su ne ke kai mutum har ƙofar gida ko ƙofar asibiti. Da aka kawar da su ba tare da madadi ba, tazarar da matashi ke yi cikin minti goma ta zama katanga ga mai ciwon gwiwa. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara dagula lamarin, domin lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a Oktoban 2024. Mai buƙata ta musamman sau da yawa kuɗin mutum biyu yake biya, nasa da na ɗan rakiya, saboda haka ƙarin ya ninka a kansa.

Jirgin ƙasan cikin birni da aka sake ƙaddamarwa a ranar 29 ga Mayu, 2024, da sababbin tashoshin Mabushi da Kugbo da aka ƙaddamar a 2025, ayyuka ne da ba a rena su. Amma jirgin bai kai Nyanya ba, bai kai Gwagwalada ko Kuje ba, ballantana Kwali da Abaji. Tsohuwar da za ta taso daga wani ƙauyen Abaji zuwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ba ta da abin hawa sai wanda ya tashi daga tashar ƙaramar hukumarta. Mazauna unguwar masu buƙata ta musamman da ke Karon Majigi, a kan hanyar filin jirgin sama, suna hango birnin da idonsu, amma shigarsa sai da shiri da kuɗi a hannu. Lokacin da Minista Nyesom Wike ya shelanta yaƙi da bara a Oktoban 2024, ba a ji wani shugaban ƙaramar hukuma ya fito da tsarin da zai kai waɗannan mutane kasuwa ko wurin sana'a ba, alhali wanda aka hana bara dole a buɗe masa hanyar nema.

Siyasar rabon keke

Ba za a ce 'yan siyasar ƙananan hukumomi sun manta da waɗannan rukunoni ba. Suna tunawa da su a ranar rabon tallafi, inda ake jera kekunan guragu da sanduna da buhunan shinkafa a gaban masu ɗaukar hoto. Dalilin fifita wannan hanya a fili yake. Rabo abu ne na rana ɗaya, ana ganin hannun mai bayarwa, kuma wanda aka ba yana jin an yi masa alheri. Tsarin sufuri kuwa kuɗi yake ci kowane wata, yana buƙatar rajista da lissafi, kuma da zarar ya zama haƙƙi babu wanda zai yi wa ciyaman godiya a kansa. Sakamakon haka ana ba mutum keke a unguwar da kwatocinta ke buɗe, titinta ya zaizaye, motocinta kuma ba sa ɗaukar keken.

Akwai kuma matsalar ƙidaya. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na rayuwa da wata nakasa mai tasiri, amma wannan ba zai faɗa wa kansila yawan makafin mazaɓarsa ba. Wanda ba a ƙirga ba, ba ya shiga kasafi. Abin lura shi ne ranar gangamin siyasa ba a rasa motar da za ta kwaso tsofaffi daga ƙauyuka, kuma an san gidajensu ɗaya bayan ɗaya.

Uzurin rashin kuɗi

Shugabannin ƙananan hukumomi na da hujjar da bai kamata a yi watsi da ita ba. Albashi na cinye mafi yawan abin da suke samu, kuma a 2025 malaman firamaren Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ba a biya su mafi ƙarancin albashin naira 70,000 ba. Hukumar da ta gaza biyan malami ba za ta iya sayen bas masu na'urar ɗaga keke ba. Haka nan ba adalci ba ne a tilasta wa direban da ke biyan balas ga mai mota kullum ya ɗauki fasinja kyauta. Idan aka yi haka, wucewa zai riƙa yi ya bar su a tsaye.

Amma hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya sauya tambayar. Kason nan shi ne kashi 20.60 cikin 100. Duk da jan ƙafar da aka yi wajen aiwatarwa, waɗanda suka yi murnar samun 'yanci ba za su ci gaba da cewa komai aikin na sama ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ƙasashen da suka magance wannan matsala sun fara ne da tantance mai biya. A Ingila, tun Afrilun 2008 tsofaffi da masu buƙata ta musamman ke hawa bas ɗin cikin gari kyauta a wajen lokutan cunkoso, kuma ƙananan hukumomi ne ke ba da katin su kuma mayar wa kamfanonin bas kuɗinsu, bisa ƙa'idar cewa kamfani ba zai ci riba ko ya yi asara saboda tsarin ba. Har yau hukumomin na kukan cewa abin da gwamnatin tsakiya ke ba su bai isa ba, amma ana gardamar ne a kan lissafin da kowa ke gani. A Brazil, kundin tsarin mulkin 1988 ne da kansa ya ba waɗanda suka haura shekara 65 damar hawa motocin cikin birni kyauta.

Abin da kansila zai iya yi

Ba sai an kwaikwayi Ingila ba kafin a fara. Majalisar ƙaramar hukuma na da ikon yin dokar da za ta hana karɓar kuɗin kaya a kan keken guragu ko sandar dogarawa, ta keɓe kujerar gaba ga tsoho ko mai buƙata ta musamman a motar da ke kan layi, ta kuma sanya waɗannan a cikin sharuɗɗan ba ƙungiya izinin riƙe tasha. Domin kada nauyin ya faɗa kan direba, ana iya yafe masa kuɗin tikitin ranar, ko a rage masa, idan ya ɗauki mai katin shaida. Gangarar siminti, benci mai inuwa da bayan gidan da keke zai iya shiga ba su kai tsadar motar ofis guda ba. Rajistar kuwa masu unguwanni, limamai, fastoci da reshen ƙungiyar JONAPWD za su iya haɗa ta mazaɓa bayan mazaɓa. Daga nan sai a ƙulla yarjejeniya da 'yan Keke Napep ƙalilan a kowace mazaɓa su riƙa kai masu rajista asibiti a ranakun da aka tsayar.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai tabbata sai an bayyana abin da tashoshi ke tarawa, kuma a nan ne turjiya za ta taso, domin masu cin moriyar kuɗin hannu ba za su so a buɗe littafi ba. Abuja na da wata dama da jihohi ba su da ita: hukumar INEC ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumominta, don haka ƙuri'a na da ɗan nauyi, kuma kujerar kansila na iya juyawa da ƙuri'u kaɗan. Tsofaffi na daga cikin waɗanda ba sa fashin fita zaɓe. Idan su da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman suka sa kowane ɗan takara ya faɗi nawa tashar yankinsa ke tarawa a wata, da kuma nawa zai ware domin wanda ba ya iya kutsawa cikin turmutsutsu, za a fara jin wannan batu a zauren majalisun Bwari, Kuje da Abaji.