Zakara ko kaza: shin ana iya zaɓa tun cikin ƙwai?

Tun 2022 ƙasar Jamus ta haramta kashe ƴan tsaki maza a manyan gidajen ƙyanƙyasa, Faransa kuma ta bi sahu a 2023. Saboda haka suka koma ga na'urorin da ke duba ƙwai su gane namiji kafin ya fito. Ku lura, na'urar gani kawai take yi. Ba ta mai da zakara kaza.

Wannan ya shafe ku, masu kiwo a Maradi, Damagaram da Tawa. Ana cewa dogon ƙwai zakara ne, kewayayye kuwa kaza. Ba haka ba ne. Tun cikin uwa ake raba namiji da mace, kafin a sa ƙwan, kuma galibi rabi da rabi suke fitowa. Zafin kwancin kwana 21 ba ya sauya wannan. In ya yi yawa, kashe ɗan tsako yake yi. Wanda ya ware dogayen ƙwai, rage kajinsa kawai ya yi, alhali zakaru kuɗi ne a kasuwar Salla.

In kaji mata kuke so su yawaita, ku raya waɗanda aka ƙyanƙyashe: rigakafin annobar kaji kafin hunturu, da akurkin da shirwa ba ta shiga.