Kafin tramol, akwai yaron da aka ce ya gagara

Duk lokacin da maganar ƙwaya ta taso a Mayahi ko Tasawa, ido na komawa ne kan masu tallar magani a faranti da kayan da ke ratsowa ta iyakar Najeriya. Kama su ya dace, kuma aikin hukumar OCRTIS ke nan. Amma saurayin da ke haɗiye tramol a fada, ko yake shaƙar sholisho a bayan tasha, sau da yawa ya daɗe yana nuna alama tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas.

A gida ana kiransa gagararre. Ba ya iya zama wuri ɗaya a aji, kullum da faɗa, ya gudu daga lakwal, ya gudu daga makarantar allo. Maganin da aka sani shi ne bulala, in ta ƙi sai a tura shi almajiranci ko wurin wani kawu a birni. Akwai kuma wanda ba a ma lura da shi: yaro ko yarinya mai shiru, mai firgita da dare, wanda ya daina wasa tun da aka saki uwarsa ko uban ya tafi ci-rani Libiya. Shi wannan yabonsa ake yi, wai yana da kunya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand kuwa, masana sun bi rayuwar yara sama da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973. Sun gano cewa waɗanda suka fi kasa kame kansu a yarinta su ne suka fi faɗawa cikin shaye-shaye da suka kai shekara 32, ko 'ya'yan masu hali ne ko na talakawa. Dalilin ba boyayye ba ne. Yaron da ake kora daga aji yana samun abokai a inda ba a korarsa, wanda ke fama da damuwa kuma yana samun sauƙin awa biyu a ƙwayar da ba ta kai kuɗin kwanon tuwo ba. A karkara an ƙara mata suna mai kyau: maganin gajiya ce ga ɗan ƙwadago a gona da ɗan kabu-kabu.

Wannan ba ya nufin duk yaro mai ƙiriniya zai zama mashayi. Mafi yawa ba sa zama. Haɗarin ne ya fi yawa a kansu, kuma a wannan shekarun ne taimako ya fi araha.

Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma shaye-shaye bai ƙare a Kano da Katsina ba. Jihar Maradi na iya ɗaukar darasi a nan.

Ba za a jira a kai likitan ƙwaƙwalwa kowace gunduma ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikacin lafiya na gama-gari gane damuwa da matsalar ɗabi'a a yara. Ya kamata asibitocin gunduma na Mayahi da Tasawa su kai wannan horo har likitocin Kanembakashe da Urafan, su haɗa da malaman firamare, na allo da kwamitocin COGES, domin su ne ke fara ganin yaron.

'Yan ci-rani ma da nasu. Wanda ke turo kuɗi daga Legas ko Tamanrasset, idan aka ce masa ɗansa ya gagara, kada ya ce a ƙara masa duka ya kashe waya. Ya nemi a ba yaron wayar, ya tambayi yaushe abin ya fara, sannan ya ware kuɗin mota a kai shi likita.