Wanda Ya Buga Kuɗi, Shi Ke Da Alhakin Kai Su Ƙauye

'Yan'uwa manoma, rashin canji a kasuwa ba baƙon ciwo ba ne. Kakanninmu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sun sha fama da shi tun zamanin Turawa, lokacin muna cikin Lardin Kano.

A da, da wuri ake ciniki. Mace takan sayi gishiri ko daddawa da ɗan abin da ke hannunta. Da Turawa suka zo, sai suka hana shigo da wuri, suka matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. A 1907 aka fara buga anini mai huda a tsakiya, goma su ne kobo ɗaya. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, amma ofishinta yana can Landan. Kuɗi kan sauka Legas, su hau jirgin ƙasa zuwa Kano, su shiga baitulmali da kantunan masu sayen gyaɗa. Ƙauye irin Farin Dutse sai abin da ya rage.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi wuya. A 1918 har takardar sule ɗaya aka buga. Manoma ba su so ta ba, gama gara tana ci, ruwa yana lalatawa, ga shi mai canji ba ya karɓa sai ya yi ragi. Mai ƙarfi bai ji komai ba. Talaka mai cinikin taro da sisi shi ya ɗauki hasarar.

Mun sami Babban Bankinmu a 1959, naira da kobo kuma suka zo a 1973. Duk da haka, a farkon 2023, da aka sake fasalin naira, mun ga yadda manomi ya karyar da hatsinsa don kawai ya riƙe tsabar kuɗi, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu.

Ra'ayinmu shi ne: hukumar da ta hana kowa buga kuɗi sai ita, wajibi ne ta ga ƙananan kuɗi sun isa kasuwar ƙauye. Bugawa kaɗai ba ta isa ba. Naira hamsin da ke kwance a banki a Dutse ba ta amfani mai sayar da ƙosai ba. Wanda aka hana shi canjinsa yau, aka hana gobe, an ci guminsa, domin da yayyafi kogi kan cika.

Saboda haka kowace ƙungiya ta rubuta wa kansilanta da shugaban ƙaramar hukuma. Ma'aji kuma ya roƙi banki ƙananan takardu kafin kaka, domin a biya kowa daidai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu damina mai albarka.