Me Ya Sa Masoyan Motoci Masu Ja Da Ƙafa Huɗu Ba Sa Sauya Sheƙa?

Hausawa kan ce araha ba ta ado. To, amma wasu motoci biyu na ƙasar Japan, wato Subaru Impreza WRX da Mitsubishi Lancer Evolution, waɗanda aka fara fitarwa a 1992, sun ƙaryata wannan magana. Kuɗinsu bai kama ƙafar na Ferrari ko Porsche ba, duk da haka sun sami masoya masu riƙon amana a ƙasashe da dama. Wasu na ganin ruɗin ƙuruciya ne kawai. Alhali kuwa wannan ƙauna tana da tushe a kimiyya da kuma tarihi.

Da farko, duk ƙarfin injin mota yana isa ƙasa ne ta wurin da taya ta taɓa hanya, wanda faɗinsa bai wuce na tafin hannu da yawa ba. Gogayyar da ke tsakanin taya da hanya tana da iyaka. Idan aka ɗora wa tayoyi biyu ƙarfin da ya wuce wannan iyaka, sai su riƙa juyawa a banza, musamman a kan laka ko tsakuwa ko ƙanƙara. Idan kuwa aka raba ƙarfin ga tayoyi huɗu, kowace sai ta ɗauki abin da za ta iya, motar ta kama ƙasa ta wuce. Kamfanin Audi na Jamus ya tabbatar da haka da motarsa Quattro, wadda ta fito a 1980, ta kuma ci gasar duniya ta tseren motoci a miyagun hanyoyi a 1982 da 1984.

Na biyu, dokar wannan gasa ta tilasta wa kamfanoni su ƙera dubban irin motar da za su shiga tsere da ita, su sayar wa jama'a. Saboda haka, lokacin da Colin McRae ya zama zakara da Subaru a 1995, Tommi Mäkinen kuma ya yi nasara sau huɗu a jere da Mitsubishi daga 1996 zuwa 1999, ma'aikaci mai matsakaicin albashi yana iya sayen 'yar'uwar motar da ya gani a talabijin, mai ƙofa huɗu, ya kai yaransa makaranta da ita. Shi ya sa, ko da yake an daina ƙera Lancer Evolution a 2016, masoyanta ba su watse ba.

Sai dai akwai abin da ya wajaba ɗalibai su riƙe. Ja da ƙafa huɗu yana taimakawa wajen tashi da fita daga kwana, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi, domin kowace mota da tayoyi huɗu take tsayawa. Direban da ya manta da wannan a kan hanya mai santsi, ya sa ransa da na fasinjojinsa cikin haɗari. Masoyi na gaskiya shi ne wanda ya san iyakar abin da yake so.