Abin da ba za mu sayar ba

Karatu: Daniyel sura 1



Da a ce ranar Lahadi bayan sujada za a raba mana takarda, a ce kowa ya rubuta abubuwa uku da ke jan ragamar rayuwarsa, da ba za mu ɓata minti biyar ba. Tsoron Allah, gaskiya, ƙauna. Wasu su ƙara da tsarki da tawali'u. Amsoshin duk daidai ne, tun muna makarantar Lahadi muka haddace su. Amma haddace amsa daban, rayuwa a kanta daban. A ganinmu, mutum ba ya sanin ainihin abin da yake ɗauka da daraja sai ranar da aka taya, aka sa masa farashi. Abin da ya ƙi sayarwa a ranar, shi ne nasa. Sauran duk zancen fatar baki ne.

Kuma tayin ba ya zuwa da siffar mugunta. Yakan same mu a ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO, sa'ad da aka ce kowa ya kawo kuɗi domin a bar amsa ta zaga, kowa ya bayar, saura mu. Yakan sami ɗan'uwan da ya wuce shekara 30 kafin ya gama jami'a, doka ta ɗauke masa hidimar ƙasa ta NYSC, sai wani ya raɗa masa cewa ai da sauƙi, a je kotu a yi rantsuwa a rage shekara biyu. Yakan sami 'yar'uwa mai sayar da masara a kasuwa, ta ga na kusa da ita suna tauye mudu suna kuma cin riba. Yakan sami ma'ajin zumunta, kuɗin baiko suna hannunsa, mai gida yana neman kuɗin haya, zuciya tana ce masa aro ne kawai, zai mayar kafin ranar rahoto. A irin waɗannan wurare ne ake karanta ainihin takardarmu.

Mu tuna da Isuwa a Farawa sura 25. Da an tambaye shi da safe, cikinsa a ƙoshe, ko matsayinsa na ɗan fari yana da daraja a gare shi, da ya ce ƙwarai kuwa. Amma ya dawo daga jeji da yunwa, ya ga abincin Yakubu yana tururi, ya sayar da gādonsa a kan kwano ɗaya. Ibraniyawa sura 12 ta nuna mana cewa daga baya ya nemi albarkar har da hawaye, bai samu ba. Isuwa bai taɓa zama ya yanke wa kansa abin da ba na sayarwa ba ne, sai yunwa ta yanke masa.

Daniyel kuwa saurayi ne kamar mu lokacin da Nebukadnezzar ya kwashe su daga Urushalima zuwa Babila, wajen shekara 605 kafin haihuwar Almasihu. Aka sa su a horo na shekara uku a fada. Mu lura da abin da ya yarda da shi. An sauya masa suna zuwa Belteshazzar, bai tayar da rigima ba. An koya masa harshe da ilimin Kaldiyawa, ya koya har ya fi masanan ƙasar. Ya yi aiki a ƙarƙashin sarkin da bai san Allahn Isra'ila ba. Amma da aka zo kan abinci da ruwan inabin sarki, sai ya ƙudura a zuciyarsa cewa ba zai ƙazantar da kansa ba. Bai zagi kowa ba. Cikin ladabi ya roƙa a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa.

Abu biyu muke koya a nan. Na farko, Daniyel ya san bambanci tsakanin abin da za a iya saki da abin da dole a riƙe. Mu sau da yawa mukan juya lissafin: mu yi gardama mai zafi a kan ɗankwali, ko ganga, ko waƙar da ta dace a sujada, amma ƙarya a kan takardar shekaru ba ta hana mu barci. Na biyu, ya yanke shawara kafin a ajiye masa kwano a gaba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai ya zauna a ɗakin jarrabawa kafin ya fara tunanin ko satar amsa zunubi ce, ya riga ya makara.

Mun san abin da wasu za su ce: "Ku ba ku san ƙasar nan ba ne. Mai gaskiya shi ke kwana da yunwa." Ba za mu yi musu ba, akwai gaskiya a ciki. Yusufu ya ƙi matar Fotifar, ladan da ya fara samu kurkuku ne. Abokan Daniyel uku sun gaya wa sarki cewa ko da Allah bai cece su daga tanderun wuta ba, ba za su rusuna wa gunki ba. A ƙasarmu ma, ranar 19 ga Fabrairu, 2018, aka sace 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi, jihar Yobe. Bayan wata guda aka sako sauran da suka rayu, aka riƙe Leah Sharibu, 'yar shekara 14, domin ta ƙi musun bangaskiyarta, kamar yadda 'yan'uwanta ɗalibai suka ba da labari. Ba mu daina yi mata addu'a ba. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu da muke ambaton sunanta da alfahari, nawa aka ba mu a zaɓen da ya wuce muka sayar da ƙuri'a? Wanda bai iya tsayawa a kan ƙaramin abu ba, da wuya ya tsaya ranar babba.

Saboda haka a wannan mako, kowa ya nemi wuri shi kaɗai, ya ɗauki biro da takarda. Kada mu fara da abin da muke so a ce muna da shi. Mu buɗe saƙonnin banki na watan jiya mu ga inda kuɗinmu suka tafi, gama Yesu ya koya mana cewa zuciya tana bin dukiya ne. Mu duba abin da ya cinye sa'o'inmu a waya. Sa'an nan mu tuna da ƙaryar da muka yi ta ƙarshe, mu tambaya: me muke karewa da ita? Suna ne, ko kuɗi, ko tsoron kada abokai su yi mana dariya? Abin da muka yarda mu yi ƙarya dominsa, shi ke mulkinmu a yanzu. Bayan haka mu rubuta abu biyu ko uku da ba za mu yi ba ko da za mu yi hasara, mu kuma gaya wa wani amintaccen ɗan'uwa ko 'yar'uwa wanda zai iya tambayarmu daga baya. Daniyel ma ba shi kaɗai ya tsaya ba, su huɗu ne.

Zumunta kuma tana da nata nauyin. Idan ƙanwarmu ta ƙi biyan kuɗin satar amsa ta faɗi a lissafi, hakkinmu ne mu haɗa mata kuɗin sake rajista, masu ilimi a cikinmu su zauna su koya mata. Kuma ya kamata mu ji kunyar tafa wa shaidar godiya a kan sakamakon da dukanmu mun san saye aka yi.

Wanda ya duba takardarsa ya ga ya riga ya sayar, kada ya fid da zuciya. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku a dare ɗaya, Yesu kuma ya neme shi a bakin teku ya sāke danƙa masa tumakinsa. Ƙofar tuba a buɗe take.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka nuna mana abin da ke mulkin zukatanmu da gaske. Ka gafarta mana inda muka sayar da abin da ka ba mu. Ka ba mu ƙarfin Ruhunka Mai Tsarki mu ƙudura tun yau, mu kuma riƙe juna a ranar gwaji. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.