Laifin Ba Na Kaza Ba Ne

'Yan'uwa manoma, ko wace damina mukan ji kuka iri ɗaya a ƙauyukanmu. Maigida ya sayo takin zamani da tsada, ya watsa a gindin mangwaro da lemu. Kafin yamma kajin uwargida sun bi sun tsince. Wasu su yi laushi, 'yan tsaki kuwa har mutuwa. Sai gardama ta tashi. Shi ya ce a sayar da kajin, ita ta ce ba za ta yarda ba.

Mu dai muna bayan uwargida. Kajin nan su ne asusunta. Da su take sayen littafin yaro, da maganin zazzaɓi, da su take fid da baiko ran Lahadi. Kaza kuwa ba ta san bambancin yuriya da tsabar hatsi ba. Fari ne, ƙanana ne, a ƙasa ta same shi. Wanda ya watsar shi ne da laifi.

Ko ma babu kaza a gidan, watsa yuriya a kan ƙasa hasara ce. Kashi 46 cikin 100 na buhun nan sinadarin nitirojin ne, abin da ke sa ganye ya yi kore shar. In an bar shi a fili cikin zafi, wani sashi yakan bi iska. Ga yadda ya kamata a yi. A duba inda inuwar itacen ta tsaya da tsakar rana, gama a wajen ne ƙananan saiwoyi masu shan abinci suke, ba a jikin gindi ba. A haƙa ɗan rami kewaye, zurfin yatsa ko fiye kaɗan, a zuba takin, ko yuriya ko kamfa, a rufe da ƙasa, a ba shi ruwa sosai. A ɗora duwatsu ko ƙaya don kada a tone. Kajin su wuni a akurki kwana biyu, kada kuma su sha ruwan da ya kwanta a wurin. Mai aikin garkar nan na misalin itacen ɓaure, cikin Luka sura 13, shi ma sai da ya yi maganar haƙa kewaye da itacen kafin zuba taki.

Maganin ƙwari mai ƙwayoyi, irin Furadan, wannan kam kada ya shiga gidan da ake kiwon kaji sam. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe tsuntsu.

Abin mamaki, muna zuwa kasuwa neman taki alhali kaza tana ba mu kyauta ko wane dare. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi, shi ya sa ɗanyensa yakan ƙone shuka. Yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. A share akurki, a zuba cikin rami tare da busasshiyar ciyawa da ganye, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa bayan mako biyu-biyu. Kada a haɗa da toka, gama toka takan kori ƙarfinsa. Bayan kamar wata uku zai yi baƙi, warin ya tafi, sai a kai wa tumatir da gwanda. Latas da karas da ake ci ɗanye, in takin bai ruɓe sosai ba, a bar wata huɗu tsakanin zubawa da girbi. Yaran da suka taya kwashewa su wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci.

Fadamar kayan lambu a kewaye ta da darni, ba shakka, gama kaza ba ta jin kunyar alayyafo. Amma ƙarƙashin manyan itatuwa a bar su su yi tono. Suna cin gara da tsutsar da ke cikin mangwaron da ya faɗi, wadda in an ƙyale ta za ta zama ƙudan da zai ɓata 'ya'yan da suka rage a sama.