Sharhi: Jiri da Amai a Mota, Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



A kowace tasha akwai fasinjan da ke shiga mota da leda a aljihu, ba don zai yi sayayya ba. Ya san kansa ne. Da an bar gari an ɗan taɓa tafiya, sai yawu ya fara taruwa a bakinsa, ya yi ta hamma, gumi mai sanyi ya keto masa, kai ya ɗauki juyawa. In hanyar mai kwana-kwana ce, irin ta Hawan Kibo tsakanin Jos da Akwanga, ko hawan tsaunin Mambila zuwa Gembu, kafin a ankara an ji "Direba, don Allah tsaya!" Sauran fasinjoji su hau tsaki, wani ya ce raki ne, wata ta ce ƙauyanci ne.

Ba ko ɗaya. Tushen abin a kunne yake. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu, aikinsu su sanar da ƙwaƙwalwa ko jiki na tsaye, ko yana tafiya, ko ya karkata. Wanda ke kujerar baya ya duƙufa yana latsa waya, idonsa na shaida cewa wuri ɗaya yake zaune, kunnensa kuwa na cewa ana ta wujijjiga shi hagu da dama. Shaidu biyu sun saɓa. A 1977 wani masani a Ingila, Michel Treisman, ya yi hasashen cewa ƙwaƙwalwa na ɗaukar wannan saɓani a matsayin alamar an ci guba, sai ta umarci ciki ya mayar da abin da ke cikinsa.

Hujjar cewa kunne ne uban tafiyar ta fi wannan ƙarfi. A shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi aiki da wasu kurame 11 daga kwalejin Gallaudet da ke Washington, waɗanda akasarinsu sanƙarau ne ya lalata musu cikin kunne tun suna yara. An juya su a ɗakuna masu juyawa, an fita da su teku cikin igiyar ruwa mai ƙarfi. Masu binciken da kansu ne amai ya kayar, su kuwa kuramen ko gezau, suna ta karta abinsu.

Wannan saɓani na ido da kunne shi ya sa da wuya ka ga direba na amai: idonsa na kan hanya, ya san kwanar da ke tafe kafin jikinsa ya ji ta. Ke nan maganin farko kujera ce. A zauna gaba, a tsura ido can nesa, a jingina kai kada ya yi ta rangaji, a ajiye waya, a sauke gilashi iska ta shigo. A jirgin ruwa a nemi tsakiya, a jirgin sama a nemi saitin fiffike. Abin ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12, da mata masu juna biyu, da masu ciwon kai na ɓari ɗaya. Don haka muna roƙon 'yan kamasho, idan uwa ta ce ɗanta na amai a mota, kada a cusa su kujerar ƙarshe kusa da jarkar fetur don kawai sun zo a makare. Su ma masu ƙin cin komai tun asuba don gudun amai, wahala suke ƙara wa kansu. A ci abu kaɗan marar maiƙo, a riƙa kurɓar ruwa.

Citta fa? Tun wani bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 1982 ake gwada ta, wani gwajin ya nuna tana rage tashin zuciya, wani bai nuna ba. Tana da araha, kaɗan ɗinta ba ya cutarwa, wanda take yi wa aiki ya riƙe ta. Shinshinar ɓawon lemon tsami kuwa, ko ba komai tana kore warin fetur.

Sai ƙwayoyin asibiti, kuma a nan ne aka fi tafka kuskure. Ɗaya daga cikinsu da ya yi suna, Dramamine, tsintarsa aka yi. A 1947, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, an ba wata mata shi don ƙaiƙayin fata, sai ta dawo ta ce amai da take yi a mota ya ɗauke. Shekara ta gaba aka gwada shi a kan sojojin da ke tsallaka tekun Atlantika a jirgin ruwa, ya yi aiki. Yau a kemis an fi sanin Avomine da Phenergan, masu sinadarin prometazin, da Stugeron, da kuma masu hayosin, wanda har filasta ake yi da shi a manna bayan kunne ya yi kwana uku yana aiki.

Dukkansu rigakafi ne. Stugeron awa biyu kafin tashi ake shansa. Avomine, in tafiyar doguwa ce, tun daren jajibiri. Dalili shi ne, da zarar zuciya ta fara tashi, ciki kan rage aiki, ƙwayar da aka haɗiya a lokacin sai ta zauna ba ta wuce ba, ƙarshenta ta dawo cikin leda. Wanda ya bari sai an kai Zariya daga Kano sannan ya laluba jaka, ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kusan dukkansu na sa barci. Fasinja ba ruwansa, ya kwanta abinsa. Amma wanda zai karɓi sitiyari a hanya, ko zai hau babur da ya sauka, ya nisance su. Kada a haɗa su da giya, ko maganin barci, ko maganin tari mai sa maye. Babban abin tsoro shi ne yadda wasu iyaye ke ɗirka wa jariri ruwan Phenergan don ya yi shiru a mota. Ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba prometazin, domin yana iya danne masa numfashi. Mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke yi wa gardama, su tambayi likita kafin su taɓa ko ɗaya daga cikinsu, haka ma mai ciki. Shi hayosin ɗin nan, irinsa ne ke cikin zaƙami, amma na asibiti an auna shi ɗan mitsitsi. Kada wani ya ji haka ya nufi bayan gari, zaƙami hauka yake sawa, yana kuma kisa.

Akwai kuma waɗanda ake saya a banza. Buscopan dangin hayosin ne, amma a hanji yake aiki, ba ya isa ƙwaƙwalwa, don haka ba ya hana amai na mota. Magungunan atishawa na zamani da ba sa sa barci, irin su loratadin da setirizin, su ma ba aikinsu ba ne.

Jirin mota yakan lafa bayan an sauka an huta. Idan amai ya ƙi tsayawa, a fara da ruwan gishiri da sukari, musamman ga yara. In kuwa ya zo da zazzaɓi, ko matsanancin ciwon kai, ko sandarewar wuya, ko jiri ya kwana ya wuni bai saki ba, to a daina ɗora wa mota laifi, a nufi asibiti.